Shafi na Ashirin da Bakwai

Daren da Kubanni ta tashi ba ta yi sallama ba.
Ta shigo ta zaure,
ta sauke tukunyar Dije daga murhu,
ta ja akuya da igiyarta,
ta jingina da katangar ɗakina
har katangar ta gaji, ta zauna.

Yanzu muna wata firamare a Tudun Wada,
gida tara a aji ɗaya,
lissafin yara yana nan a allo ba a goge ba.
Ruwa ya tafi da tabarmi,
sai Haladu mai tsire ya miƙo mini jaridun naɗe nama,
ya ce, "Shimfiɗa, siminti ba shi da imani."

Haka na zama makaranci.

Shafin farko jirgin yaƙi ne, sabo fil,
hancinsa tsini kamar allura.
Na bi sifirin kuɗinsa da yatsa,
na ɓata, na sake farawa.
Ni tela ne, ilimina yadi da inci,
amma na san fiffike ɗaya
zai yi wa layinmu kwano,
ya haƙa magudanar da muka yi shekara shida muna roƙo,
a sami canji.

Kada a ce ina ƙin soja.
Ƙanena Tanimu a barikin garin nan aka aske masa kai,
yanzu yana dajin da ba ya faɗa mana sunansa.
Bara da ya zo hutu, ni na ɗinke masa kakinsa,
takalminsa na kai wa mai gyara a Ƙofar Doka.
To sifirin nan, ina suke sauka,
in ba su sauka a ƙafarsa ba?

Mu kuwa sai da na yi tono.
Shafi na ashirin da bakwai,
ƙarƙashin tallan maganin basir,
layi huɗu.
"Mutum biyu," in ji su.
Mu da muka yi wanka muka yi sutura, bakwai muka ƙirga.
Goggo Marka ce ta biyar,
ita da ke ba yara ƙanzo da safe.

Wata jaridar, ta masu jin haushin gwamnati,
ta ce saba'in.
Ta sa mu a gaba, da jan tawada,
hoton kuma na wani gari ne,
don babu giginya a unguwarmu.
Waccan ta rage mu don kada maigidanta ya ji kunya,
wannan ta ƙara mu don nata maigidan ya sami abin jifa.
Babu wadda ta tambayi sunan Marka.

Ran Laraba agaji ya iso.
Mota shida ta rako buhu goma sha biyu.
Aka jera mu, aka ce mu yi fara'a.
Dije ta riƙe bokitin roba sau uku
don mai hoto ya ce rana ta ɓata na farko.
Mudu biyu na shinkafa, sabulu sanda ɗaya.
Washegari ga shi a shafi na uku:
hannun mai bayarwa ya fito tsaf har da agogo,
fuskar matata an yanke rabi.

Da dare Lantana ta yi tari.
Na toshe tagar da ta fashe da shafin wasanni,
na ninke jawabin kasafin kuɗi ya zama matashi.
Jirgin na shimfiɗa mata a ƙasa,
shi ne mafi faɗi, takardarsa ta fi kauri.
Ta kwana a kansa, ta jiƙa shi kafin asuba,
na fitar da shi rana.

Shafi na ashirin da bakwai ne kawai ban shimfiɗa ba.
Na ari biro wurin maigadi,
na soke "biyu,"
na rubuta sunaye bakwai a gefen takardar,
ƙanana, don wurin ba shi da yawa.
Yana aljihuna, tare da awon rigunan mutane
da ban san ranar da zan ɗinka ba,
don keken yana can ƙarƙashin katanga.

Hadari ya sake haɗowa ta gabas.